Ƙaura da lambar waya zuwa wani kamfani: yadda aikin yake tafiya daki-daki

Lambar wayarka ba a cikin katin SIM take zaune ba. Wannan ne abin da ya kamata mutum ya fara riƙewa kafin ya taɓa komai, domin kusan duk wata tangarɗa da ake samu wajen sauya kamfani daga nan take tasowa. Katin yana da lambobinsa na kansa guda biyu. Akwai doguwar nan da aka buga a jikinsa da ƙananan rubutu, mai alƙaluma 19 ko 20, wadda take farawa da 89. Ita ce shaidar katin, ana ce mata ICCID. Akwai kuma wata a ɓoye a cikinsa, IMSI, wadda ba ta wuce alƙaluma 15, da ita turakun sadarwa suke gane ƙasar da layi ya fito da kamfanin da yake da shi. Ita kuwa lambar da mutane suke kiranka da ita, rubutu ce kawai a rumbun bayanan kamfani, an ɗaure ta da wancan katin. Saboda haka idan aka ce mutum ya ƙaura da lambarsa, abu uku aka yi: tsohon kamfani ya kwance ɗaurin, sabon ya ɗaure lambar da sabon kati, sannan aka sanar da sauran kamfanoni cewa daga yau ga inda za a riƙa kai kiran wannan lamba. Na ukun nan ba a ganinsa da ido, kuma shi ya fi ba da wahala.

Tsarin ba sabo ba ne. Singapore ta fara a 1997, Ingila da Holan da Hong Kong suka biyo baya a 1999, Amurka a Nuwamban 2003, Afirka ta Kudu a 2006, Indiya da Kenya da Ghana a 2011, Najeriya a Afrilun 2013. Amma ba kowace ƙasa ce take da shi ba har yau, don haka a fara duba shafin hukumar kula da sadarwa ta ƙasar da mutum yake. Kuma ƙaurar a cikin ƙasa ɗaya kawai take yiwuwa. Ba a tsallaka iyaka da lamba.

Abin da na fara yi, tun kafin in yi magana da kowa, shi ne gwada sabon kamfanin da wani layi daban. Na sayi layinsu na sa kati mafi sauƙi, na sa shi a rami na biyu na wayata, na riƙa amfani da shi a wuraren da na fi zama: cikin ɗaki, wurin aiki, hanyar da nake bi kullum. Ina ganin wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa, domin talla da taswirar kamfani ba za su gaya maka yadda sabis yake a bayan bangon ɗakinka ba. Sandunan sabis da suke saman waya ma ba abin dogaro ba ne, kowane mai ƙera waya da yadda yake lissafa su. Ainihin ma'aunin yana cikin saitin waya, wajen bayanin SIM, an rubuta shi da dBm. A iPhone kuwa ana danna *3001#12345#* a kira don a gan shi. A layin 4G, idan ka ga wajen -80 zuwa -90, sabis yana da ƙarfi. Wajen -100 ana iya aiki. Idan ya gangara ƙasa da -110, kira zai riƙa yankewa, data ta riƙa jan ƙafa. A gwada da daddare, lokacin da kowa yake kan intanet, domin sabis yana iya cika taf amma turken ya yi wa jama'ar unguwar kaɗan.

Wannan layin gwajin yana amsa wata tambaya ta biyu: ko wayar a kulle take. Wayar da aka saya ta hannun kamfanin sadarwa, musamman wadda ake biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa an kulle ta ta yadda ba za ta karɓi katin wani kamfani ba. Da ka sa baƙon kati za ta nemi lambar buɗewa ko ta ce ba ta yarda da katin ba. Tsohon kamfani ne yake buɗe ta, kuma ya fi saurin saurarenka tun kana nasa, don haka a nemi buɗewar kafin a nemi ƙaura. Za su tambayi IMEI, wato shaidar ita wayar kanta mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan aka danna *#06#. Haka kuma a duba ko wayar tana kama zangon da sabon kamfanin yake aiki da shi, wato mitar da turakunsa suke watsa sabis a kai, wadda ake aunawa da MHz. Wani kamfanin ƙarfinsa a zangon 800 ko 700 yake, wanda yake ratsa gini ya yi nisa, wani kuma a 1800 ko 2600. Wayar da ba ta da ƙananan zangunan za ta yi kyau a tsakiyar gari, ta kurumce a cikin gida. A ƙasashen da aka rufe 3G, kamar Amurka da manyan kamfanoninta suka rufe a 2022, dole ne wayar ta iya kira ta kan 4G, abin da ake ce wa VoLTE, kuma sabon kamfanin ya amince da samfurinta. Idan ba haka ba, data za ta yi aiki, kira ya ƙi shiga.

Daga nan sai batun rajista, kuma a nan na fi ɓata lokaci da gangan. Ba mutum ba ne yake duba buƙatar ƙaura ya ce ai wannan sunan da wancan duk ɗaya ne. Na'ura ce take ɗora bayanan da ka ba sabon kamfani a kan waɗanda tsohon yake da su, ta ga ko sun yi daidai. Harafi ɗaya ya bambanta, ko an juya sunan mahaifi ya zo a farko, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ko adireshin da suke da shi na tsohon gida ne, sai a dawo da buƙatar. Don haka na nemi tsohon kamfanin ya karanta mini abin da yake rubuce a kan layina, na kwafe shi harafi bayan harafi, na gwada da katin shaidata. Wanda ya ga saɓani ya gyara a wurin tsohon kamfanin tukuna, ya jira gyaran ya zauna, sannan ya ci gaba. Wanda kuma layinsa da sunan wani aka yi rajistarsa, mahaifi ko miji ko yaya ko wurin aiki, to a idon kamfani lambar ba tasa ba ce, ko da ya shekara goma yana amfani da ita. Ko dai mai sunan ya nemi ƙaurar da kansa, ko a mayar da layin sunan mai amfani da shi kafin a fara. Wasu ƙasashen ma suna hana ƙaura ga layin da aka sake wa kati kwanan nan. A Indiya, tun Yulin 2024, sai an yi kwana 7 da sake katin kafin a ba ka damar fita, saboda maganin ɓarayin layi.

Lambar ce kaɗai take ƙaura, komai nata yana nan inda ka bar shi. Ragowar kati, data, garaɓasa, waƙar kira, saƙonnin murya da aka ajiye, duk wani abu da kake biya ta hanyar cire kuɗi daga katinka, duk suna mutuwa da tsohon layin. A Tarayyar Turai doka ta ce a mayar wa mutum ragowar kuɗinsa idan ya nema, amma a wurare da yawa ya tafi ke nan, don haka a cinye shi ko a tura wa wani, a bar ɗan abin da zai isa tura saƙo. Idan akwai asusun kuɗi na waya da yake ɗaure da kamfanin, a tambaye su ƙarara me zai same shi, kuma ni shawarata a kwashe kuɗin tun kafin ranar. Bashin kati ko na data da aka ranta a biya, domin a ƙasashe da dama yana cikin dalilan da ake ƙin sakin lamba. Mai layin biyan wata ya duba kwantiraginsa: saura wata nawa, nawa ne tarar fita da wuri, nawa ya rage na kuɗin waya. A Amurka kamfani ba shi da ikon riƙe lambarka don yana binka bashi, amma bashin yana nan, zai biyo ka a bil na ƙarshe. Sai sunayen da aka ajiye a kan katin SIM. Yawancin katuna suna ɗaukar wajen suna 250, kuma masu tsofaffin layuka sukan manta cewa wasu lambobin 'yan uwa a can suke tun wayar farko. A kwafe su zuwa cikin waya ko asusun Google ko iCloud, a buɗe a tabbatar sun shiga.

Akwai wani shiri da ban yarda a yi sakaci da shi ba. Banki, imel, shafukan zumunta, duk suna turo lambar tabbatarwa ta saƙon tes, kuma wannan saƙon shi ne abu na ƙarshe da yake daidaita bayan ƙaura. Kafin ranar na shiga kowane asusu mai muhimmanci na tabbatar ina ciki, na sauke lambobin ajiya na ko-ta-kwana a inda ake bayarwa, na mayar da waɗanda suka yarda kan manhajar tabbatarwa maimakon tes. Kada kuma a haɗa sauya kamfani da sauya waya a rana ɗaya. Sabuwar waya za ta sa kowace manhaja ta nemi lambar tabbatarwa a daidai lokacin da saƙonnin ba sa isowa, kuma idan wani abu ya ƙi aiki ba za ka san ko laifin wayar ba ne ko na layin.

Babbar doka ita ce kada ka rufe tsohon layinka da kanka. Kada ka kira su ka ce ka daina, kada ka bar shi ya mutu don rashin sa kati, kada ka yar da katin. Lamba mai rai kaɗai ake ɗauka. Idan ka rufe, lambar ta koma hannun kamfanin da hukuma ta ba shi ita tun asali, bayan wani lokaci a sayar wa wani, da duk saƙonnin bankinka. Sakin na hannu ke nan, kamun na guje. Tarayyar Turai ta ba mutum aƙalla wata guda bayan rufe layi ya nemi lambarsa, amma wannan sassauci ne na can, ba a ko'ina ba. Ƙaurar da kanta ce take rufe tsohon layin idan ta kammala, ba sai ka yi komai ba.

Hanyar neman ƙaurar iri biyu ce a duniya. A wasu ƙasashen sai ka karɓo lambar izini daga tsohon kamfani ka kai wa sabon. A Ingila, tun 1 ga Yulin 2019, ana tura PAC zuwa 65075, a turo maka haruffa uku da alƙaluma shida, suna aiki har kwana 30, kuma da ka miƙa su ana gama ƙaurar a ranar aiki ta gaba. A Indiya ana tura PORT da lambar wayar zuwa 1900, a sami lambar izini da ake ce wa UPC, wadda take lalacewa bayan kwana 4 a yawancin yankunan ƙasar. A Faransa ana kiran 3179 kyauta a karɓi RIO mai harafi da alƙaluma 12. A Amurka ana bukatar lambar asusu da lambar sirri ta ƙaura, wadda ta bambanta da lambar sirrin shiga asusu, kuma rikita su biyun yana yawan sa a dawo da buƙata. Ɗaya hanyar kuma, sabon kamfani ne yake yin komai: ka je wurinsu da katin shaida, su cike takarda, kai kuma ka tabbatar da saƙo daga tsohon layin. Haka ake yi a Najeriya, inda ake tura PORT zuwa 3232. Wannan ta biyun ta fi mini, domin ba sai ka nemi alfarma a wurin wanda kake shirin bari ba. Ko wace hanya ce, idan lambar izinin tana da wa'adi, kada a karɓo ta sai an shirya tafiya.

Na zaɓi farkon mako da safe, ba jajibirin hutu ba, ba kuma lokacin da nake shirin tafiya ko jiran wani muhimmin kira ba. Dalili shi ne wa'adin da hukumomi suke sawa da ranakun aiki ake lissafa shi, kuma idan abu ya maƙale ranar ƙarshen mako, masu warware shi sai sun dawo. Na tafi da katin shaida, da wayar da tsohon layin yake ciki da cikakken caji, da bayanan rajistar da na kwafa. Lokacin da ma'aikaciyar take shigar da bayanai na roƙe ta ta juyo mini da fuskar kwamfutar, na bi lambar wayar da yatsa, sannan na ɗauki faffaɗan katin da ake ɓalle SIM daga jikinsa na karanta doguwar lambar nan ita kuma tana dubawa. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, 3 da 8 suna kama, 1 da 7 ma haka. Idan aka yi kuskure a nan, lambarka tana iya barin tsohon kati ta tafi kan wani katin da ba ya hannunka, ka zauna babu layi ko ɗaya. Na karɓi lambar shaidar buƙata, na ɗauki hoton takardar, na ajiye faffaɗan katin domin lambar PUK, wadda ake buɗe kati da ita idan ya kulle, tana bayansa.

Saƙon da kake turawa don tabbatar da ƙaurar yana da 'yan tarkuna. Dole ya fita daga layin da ake son ƙaura da shi, don haka mai waya mai SIM biyu ya duba da kyau wane layi wayar ta zaɓa kafin ya danna, ko ya cire ɗayan ma gaba ɗaya. Dole ya tafi a matsayin tes na asali, ba ta WhatsApp ko wata manhaja ba. A rubuta kalmar kamar yadda aka ce, ba ƙari, ba gaisuwa. Akan kuma ba da ɗan gajeren lokaci a tura shi, idan ya wuce buƙatar ta faɗi sai an sake. Bayan haka saƙonni za su riƙa shigowa kan tsohon layin: an karɓi buƙata, an amince, ga lokacin da za a yanke. Kada a cire tsohon katin a wannan tsakanin. Wataƙila tsohon kamfanin ya kira ko ya turo tayin ragi don ka fasa. Wanda ya ji tayin ya yi masa, to ya fasa ta hanyar sabon kamfanin a rubuce, domin amsa "to" a waya ba ya tsayar da buƙatar da ta riga ta shiga.

Yankewar ba ta zuwa da sanarwa mai ƙara. Kawai dai ka duba waya ka ga sandunan sun ɓace, an rubuta babu sabis ko kiran gaggawa kawai. A lokacin ne na kashe wayar, na sa ɗan tsinken na ciro tiren, na sa sabon katin, na kunna. Kashewar tana da amfani, domin tana tilasta wa wayar ta yi sabuwar rajista da turken sabon kamfani maimakon ta ci gaba da neman na da. Idan sabis bai zo nan take ba, a kunna yanayin jirgi a kashe, ko a shiga saiti a zaɓi kamfanin da hannu. Mai eSIM kuwa, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, zai ɗauki hoton QR ne a maimakon kati, kuma yana bukatar Wi-Fi a lokacin, tunda layin da zai ba shi data shi ne wanda yake ƙoƙarin saukewa. Yawancin waɗannan hotunan sau ɗaya suke aiki, don haka kada a goge sabon eSIM da sunan sake gwadawa, kuma kada a goge tsohon sai komai ya kammala.

Ganin sunan sabon kamfani a saman waya ba ya nufin an gama, kuma a nan ne mutane suke sakin jiki da wuri. Akwai wani ɗan lokaci da layin yake rabe gida biyu: kana kira da sabon kati, amma masu kiranka suna faɗawa kan tsohon, ko a ce musu lambar ba ta aiki. Abin da yake faruwa shi ne, a da kowane kamfani yana duba alƙaluman farko na lamba ya san inda zai kai kira. Da zuwan ƙaura wannan ya daina isa, sai aka kafa rumbu na tsakiya da yake riƙe da jerin duk lambobin da suka sauya gida. Kowane kamfani yana kwafar jerin zuwa nasa na'urorin, ya duba shi kafin ya tura kira. A wasu ƙasashen kuma kiran yana fara zuwa kamfanin asali ne, shi ya miƙa shi gaba. Ko wanne ne, idan kamfani ɗaya bai sabunta kwafinsa ba, mutanensa kaɗai ne ba za su same ka ba, kowa kuma yana samunka. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa layinsa lafiya lau, alhali rabin masu nemansa suna jin a kashe.

Don haka gwajin da na yi ba kira ɗaya ba ne. Na kira wani na tambaye shi wace lamba ta fito masa, domin wasu kamfanonin suna ba da kati mai lambar wucin gadi kafin taka ta hau. Sannan na sa an kira ni daga kowane kamfani da yake ƙasar, har da wanda na baro, wanda shi ne ya fi yawan maƙalewa, da wayar tebur, da wani daga ƙasar waje. Na maimaita haka da tes, fita da shiga, domin hanyar tes daban take da ta kira, ɗaya tana iya gyaruwa ɗayar ba ta gyaru ba. Daga ƙarshe na nemi lambar tabbatarwa daga banki da imel. Waɗannan saƙonnin ba kai tsaye suke zuwa ba, suna bi ta hannun kamfanonin dillancin saƙo, wasunsu a wata ƙasa, kuma wasu suna riƙe da tsohon bayani na ɗan lokaci. Wasu bankunan kuma suna lura da cewa IMSI ɗin da yake bayan lambar ya sauya, sai su dakatar da hada-hadar waya na ɗan lokaci don tsaron mai asusun, ko su nemi ya sake rajistar lambobin da ake dannawa a tura kuɗi. Wannan ba matsala ba ce daga kamfanin waya, banki za a kira.

Idan kira yana shiga amma intanet ta ƙi, kusan kullum APN ne, wato saitin da yake gaya wa waya ƙofar da za ta bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Yawancin wayoyi suna ɗaukarsa da kansu, wasu kuwa suna maƙale da na tsohon kamfani. A shiga saitin data a mayar da APN na asali, ko a rubuta na sabon kamfanin da hannu. Idan tes yana shigowa amma ba ya fita, a duba lambar cibiyar saƙo, wataƙila ta tsohon ce. Idan kira yana karkata zuwa wani wuri, danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa. Masu iPhone su kashe iMessage da FaceTime su sake kunnawa, su kuma duba lambar da wayar ta rubuta a matsayin tasu, domin takan riƙe ta wucin gadin. Masu Android su yi haka da RCS, wato tsarin saƙo ta intanet da yake cikin manhajar saƙo. WhatsApp da Telegram da Signal ba ruwansu da kamfani, lambar suka sani, kuma ba ta sauya ba. Kada a taɓa maɓallin sauya lamba, kada a goge manhajar a sake saukewa.

Wurin kai ƙara shi ne sabon kamfani, ko da kana ganin tsohon ne ya riƙe. Kai yanzu nasu ne, kuma su suke da hanyar magana da rumbun tsakiya da sauran kamfanoni. Amma yadda aka kai ƙarar shi yake sa a warware ta da wuri. Cewa "ba a samuna" ba ya kai ko'ina, za a ce ka kashe waya ka kunna. Abin da injiniya yake bukata shi ne misali biyu ko uku: lambar da ta kira ka, kamfaninta, rana da lokaci har da minti, da abin da mai kiran ya ji. Da wannan zai bi sawun kiran ya ga inda ya tsaya. Idan kuma buƙatar ce aka ƙi tun farko, a nemi ainihin dalilin, domin tsohon kamfani ba ya ƙi haka kawai, dole ya zaɓi dalili daga jerin da hukuma ta yarda da su: bayanai ba su yi daidai ba, layi a rufe yake, lambar izini ta lalace, akwai wata buƙatar da ba a kammala ba, ko wa'adin zama bai cika ba. Kada a yarda a sake tura buƙatar ba tare da an gyara dalilin ba, amsa ɗaya za a samu. Idan wa'adin da doka ta sa ya wuce, a kai wa hukumar sadarwa da lambar shaidar buƙata da ta ƙorafi. A Tarayyar Turai bai kamata mutum ya zauna babu sabis fiye da ranar aiki ɗaya ba, kuma yana da haƙƙin diyya idan aka yi jinkiri.

Wa'adin zaman nan a san da shi tun kafin a fara. A Indiya sai an yi kwana 90 kafin a sake ƙaura, ƙasashe da yawa kuma suna da irin wannan ƙa'idar da nasu adadin. Wanda ya sauya ba tare da gwaji ba ya tarar babu sabis a gidansa, zai zauna da abin har wa'adin ya cika. Mai layin biyan wata ya jira bil na ƙarshe kafin ya soke umarnin cire kuɗi daga banki, ya kuma karanta shi layi-layi. A gaya wa waɗanda suka saba kiranka da garaɓasar kira tsakanin layi iri ɗaya cewa ka sauya, domin alƙaluman farkon lambarka har yanzu na tsohon kamfani ne, za su kira suna zaton kyauta ne a caje su kuɗin kiran wani layi. Tsohon katin kuwa na ajiye shi har sai da duk gwaje-gwajen suka yi daidai, sannan na sa almakashi na yanke ƙarfen da yake jikinsa, saboda sunaye da saƙonnin da suke ciki.

Hanyar nan da ta sauƙaƙa maka ɗaukar lambarka ita ce ɓarawo yake bi ya ɗauke ta, ya riƙa karɓar saƙonnin bankinka. Saboda haka a ranar da layin ya zauna na tambayi sabon kamfanin ko suna da makullin hana ƙaura ko lambar sirri ta asusu, na sa. Na kuma sa wa katin PIN, wanda idan aka yi kuskure sau 3 yake neman PUK mai alƙaluma 8, idan aka yi kuskuren PUK sau 10 katin ya mutu. Lambar izinin ƙaura ba a karanta wa kowa ita a waya, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Duk ranar da saƙo ya shigo cewa an karɓi buƙatar ƙaura alhali ba kai ka nema ba, ko sabis ya ɗauke a wurin da na kusa da kai masu layi irin naka suke da shi, a ari wata waya a kira kamfani nan take a ce su tsayar, sannan a kira banki a rufe hada-hadar waya kafin a je ofis da katin shaida.